'Yancin zuciya ba a sayensa a kwalbar man zaitun

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi magana da 'yan'uwanmu Kirista masu jin Hausa, mu da aikinmu koyar da Littafi Mai Tsarki ne da zama da masu neman shawara a ikilisiya. Maƙwabtanmu Musulmi da ke karanta wannan jarida ma ba mu ce su tsallake ba, don riƙo da tsoro da mugun sabo ba sa tambayar addinin mutum kafin su kama shi. Sai dai bayanin za mu yi shi ne bisa ga abin da bangaskiyarmu ta koyar.

Duk wanda ya bi titunan Jos ko Kaduna ko Yola a ƙarshen wata zai ga takardu manne a bango da turakun lantarki: daren kuɓuta, daren karya sarƙa, kwana 7 na tsinke igiyar gado. Jama'a su cika, a kwana ana ihu, a sayi 'yar kwalbar man zaitun, gari ya waye kowa ya koma gida murya a dishe. Bayan mako biyu mai gaba yana nan da gabarsa, mai shan ƙwaya ya koma wurin mai sayarwa, mai tsoron maita kuwa tsoronsa ƙaruwa ma ya yi. Ba addu'ar dare muke rainawa ba. Bulus da Sila ma da tsakar dare suka yi tasu a kurkukun Filibi. Amma a sake karanta Ayyukan Manzanni sura 16 a hankali: suna cikin waƙa ne tun ƙafafunsu na cikin turu, tun kafin girgizar ƙasa, kuma da ƙofofi suka buɗe ba su gudu ba, suka tsaya suka hana mai gadin kurkukun kashe kansa. Wato sun riga sun 'yantu tun ƙofa na kulle. Wannan 'yancin muke nufi.

Tushensa a bayyane yake. A Yohanna 8:34 Yesu ya ce duk mai yin zunubi bawan zunubi ne, a aya ta 36 kuma ya ce in Ɗan ya 'yanta ku, za ku 'yantu da gaske. Kyauta ce ta alheri, ba ladan azumi ko baiko ba. Sai dai Bulus, a Galatiyawa 5:1, da ya faɗi cewa Almasihu ya 'yanta mu, nan take ya ɗora da umarni: ku tsaya daram, kada ku sake shiga ƙangin bauta. Tsayawar nan ita ce aikin da ake gudu, domin ba ta da armashi, ba ta kuma ƙarewa a dare ɗaya. A aya ta 13 ya ƙara da cewa kada a mai da 'yancin hujjar biye wa son zuciya, sai dai a yi wa juna hidima cikin ƙauna. Martin Luther, malamin Jamus da ya jagoranci gyaran ikilisiya, ya taƙaita wannan a 1520 da cewa Kirista ɗa ne da ba ya ƙarƙashin kowa, kuma shi ɗin dai bara ne ga kowa.

Kuskure na farko da ake yi shi ne ba kowa magani iri ɗaya. Likita ba ya rubuta magani sai ya gano ciwon. Kafin a ɗora wa mutum hannu, a sa shi ya yi mako guda yana binciken kansa: kowane dare, minti 10 zuwa 15, da takarda da biro. Ya fara da godiya a kan abu biyu ko uku na ranar. Sa'an nan ya bi ranar daga safe zuwa dare yana tambaya: a ina zuciyata ta ƙuntata yau, wa na gani ko me na ji kafin hakan, me kuma na yi bayan haka? Ya rufe da roƙon gafara da taimakon gobe. Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Ignatius na Loyola, mutumin Sifen da ya rasu a 1556, ya tsara irinta, kuma Katolika da waɗanda ba Katolika ba suna amfani da ita. Inda take ɓaci shi ne in mutum ya tsallake godiyar, ko ya zarce awa guda yana tonon kansa. Sai ta koma bulala. Bayan kwana 7, in aka duba takardar, yawanci suna ɗaya ko lokaci ɗaya ko tsoro ɗaya ne ke ta maimaituwa. Nan turun yake.

Wanda nauyin laifi ya danne, maganinsa furci ne, kamar yadda 1 Yohanna 1:9 ta ce. Amma furcin da muka saba na jimla ne: "Ya Uba, ka gafarta mana zunubanmu, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba." Wannan ya dace da sujadar jama'a. A ɗaka kuwa ba ya sauke kaya, don lamiri ya san abin da ake kewaye wa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kira abin da sunansa: na ci kuɗin zumunta naira dubu 40, na yi wa wance ƙazafi a gaban surukarta. In laifin ya taɓa haƙƙin wani, furci kaɗai bai isa ba, sai an mayar. Zakka mai karɓar haraji a Luka 19 rabin dukiyarsa ya ba matalauta, ya kuma yi alkawarin biyan wanda ya cuta ninki 4. Wanda ba shi da halin biya gaba ɗaya ya je ya amsa laifinsa, a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata a gaban shaida ɗaya. In mai haƙƙin ya rasu, magadansa na nan. Yakubu 5:16 ta ce a furta wa juna. Katolika suna da fada, wato limaminsu, don wannan. Sauran ikilisiyoyi kuwa a nemi mutum ɗaya, dattijo mai riƙon asiri, namiji ga namiji, mace ga mace. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne a tashi lokacin ba da shaida a gaban jama'a a tona zunubi har da sunan wanda aka yi da shi. Mai furcin ya ji sanyi, auren wani kuma ya mutu.

Akwai kuma waɗanda suka tuba, suka biya, amma har yau suna neman gafarar abu ɗaya kowace safiya. Su abin da suke bukata shi ne a zaunar da su a kan Romawa 8:1, cewa babu sauran hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Ana gane bambancin ne ta haka: tsawatawar Ruhu Mai Tsarki tana nuna abu takamaimai tare da hanyar gyara shi, muryar mai zargi kuwa cewa take kai gaba ɗayanka banza ne, ba ta nuna ƙofa.

Turun da ya fi kama mutanenmu, a ganinmu, shi ne riƙo, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Ba baƙon abu ba ne ka ga facaloli biyu a Zumuntar Mata ran Lahadi, anko iri ɗaya, ɗaya na ba da waƙa ɗaya na buga tulu, amma shekara 3 ke nan ba su gaisa ba saboda iyakar gona. In an ce a juya a gai da na kusa, sai ɗaya ta sunkuya tana gyara ɗankwali har lokacin ya wuce. Kowa a majami'ar ya sani, kowa ya yi shiru.

Misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 18 yana da lissafi a ciki wanda masu wa'azi kan tsallake. An yafe wa bawa talanti 10,000, shi kuma ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini ne, kamar yadda Matiyu 20:2 ta nuna, talanti ɗaya kuwa kimanin dinari 6,000 ne. Wato bashin da aka yafe masa ya kai dinari miliyan 60. Amma a lura da ɗaya gefen: dinari 100 ladan fiye da wata 3 ne na lebura. Yesu bai ce abin da aka yi maka ba kome ba ne. Bashi ne na gaske, kuma yafewa na nufin kai ne za ka ɗauki asarar. Shi ya sa "ai ba kome, ya wuce" da muke faɗa da baki ba ta aiki. Ba a yafe bashin da ba a ƙirga ba.

Ga yadda ake yi. Mutum ya rubuta sunan wanda ya cuce shi da abin da ya yi, dalla-dalla, har da abin da aka raba shi da shi wanda ido ba ya gani: mutunci, barci, shekarun karatu, amincewa da mutane. Ya karanta wa Allah da murya, ba tare da ya tausasa kalmomin ba. Sa'an nan ya faɗa a fili cewa ya sauka daga kujerar ramuwa ya bar wa Allah, bisa ga Romawa 12:19. Daga nan ya fara yi wa mutumin addu'a da sunansa kowace rana, yadda Matiyu 5:44 ta umarta. A makonnin farko baki ne kawai zai yi, zuciya tana ja da baya. Wannan ba munafunci ba ne, biyayya ce da ta riga ji. Zafin zai dawo, musamman in an haɗu a kasuwa ko wurin biki, kuma dawowarsa ba ta nufin gafarar farko ƙarya ce. A sake yi. Bakwai sau saba'in da aka gaya wa Bitrus yakan ƙare a kan laifi guda ɗaya tak.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne cakuɗa gafara da sulhu da amana da shari'a, alhali kowanne da matsayinsa. Gafara mutum ɗaya ke yin ta, ko mai laifin ya tuba ko bai tuba ba, ko ma ya mutu. Sulhu sai da mutum biyu. Amana kuwa a hankali ake sake gina ta: Yusufu bai bayyana kansa ga 'yan'uwansa ba sai da ya gwada su ya ga ko za su yi wa Biliyaminu abin da suka yi masa. Shari'a ma tana nan daram. Bulus ɗin da ya yi waƙa a turu, da gari ya waye ya ƙi fita a ɓoye, ya ce mahukuntan da suka sa aka yi musu bulala ba bisa ƙa'ida ba su zo da kansu. Daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Saboda haka dattijon da ya ce wa matar da mijinta ke duka ta koma ɗaki yau-yau don ta nuna ta yafe, ko ya hana iyayen yarinyar da aka yi wa fyaɗe zuwa wurin hukuma da sunan gafara, ƙara musu mari ya yi.

Haka kuma kada a gaggauta wa waɗanda suka yi babban rashi. Akwai iyalai da har yanzu ke ɗauke da raunin rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, daga ɓangarorin biyu, da 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) da Boko Haram ta kora har daga hedkwatarsu ta Kwarhi a 2014. Wanda ya binne mutum 5 a rana ɗaya ba a zuwa masa da "ka yafe" a mako na biyu. A fara buɗe masa Zabura 13 da Zabura 88, ya ga cewa Littafi Mai Tsarki ya ba shi izinin kuka da tambayar Allah har yaushe. Zabura 88 ma a cikin duhu ta ƙare, ba a kuma cire ta daga Littafin ba.

In za a nemi sulhu, tsarin Matiyu 18:15-17 a jere yake: ka je kai kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sai a kai wa ikilisiya. Mu kuwa mun juya shi. Sai dangi da zauren WhatsApp na unguwa sun ji, mai laifin ne na ƙarshen sani.

Sai tsoro. Ibraniyawa 2:15 ta yi maganar waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su duk tsawon ransu, kuma a wajenmu tsoron yakan zo ne da rigar maita da sammu da jifa. Mutum na zuwa sujada, amma akwai laya ɗinke a ƙugun wando. Masu bi na Afisa da suka tuba sun ƙone littattafan sihirinsu a fili, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, in ji Ayyukan Manzanni 19:19. A yi haka, a gaban dattawa biyu, ba tare da biki ba. Matsalar ita ce sau da yawa ana cire layar ne a maye gurbinta da kwalbar mai ko hankici ko Littafi buɗe a Zabura 91 a ƙarƙashin matashi. An gudu ba a tsira ba. Gwajin mai sauƙi ne: in ka kama hanya ka tuna ka manta abin a gida, za ka iya ci gaba da tafiyar hankali kwance? In ba za ka iya ba, laya ce, ko da an yi mata addu'a. Shafa mai ga marar lafiya yana cikin Yakubu 5:14, amma dattawan ikilisiya ne ke yi tare da addu'a, ba a kuma sa masa farashi. Da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, amsar da Bitrus ya ba shi ba mai daɗi ba ce.

Mafi muni shi ne mai kiran kansa annabi da zai nuna maka wanda ya ɗaure ka, kuma kusan kullum tsohuwa ce, ko kishiyar uwa, ko yaro maraya. Ka shigo da tsoro, ka fita da tsoro da gaba, wani lokaci har da alhakin jini. Masu tsorata mutane da la'anar kakanni su karanta Ezekiyel 18:20 da Galatiyawa 3:13. Abin yi ga mai tsoro shi ne ya rubuta abin da yake tsoro ya raba shi gida biyu. Wanda ke da mataki a ɗauka: zazzaɓin da ya ƙi sauka a je a yi gwajin jini, yaro mai farfaɗiya a kai shi asibiti don ciwo ne da ke da magani. Wanda ba shi da mataki a miƙa shi da roƙo da godiya, yadda Filibiyawa 4:6-7 ta tsara, a kuma haddace aya ɗaya kowane mako don a sami abin amsa wa zuciya da ƙarfe 2 na dare.

Game da mugun sabo, Agustin, bishop na Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya kwatanta shi da sarƙa: karkatacciyar niyya ta haifi sha'awa, sha'awar da aka biye wa ta zama sabo, sabon da ba a yi tsayayya da shi ba ya zama dole. Bahaushe ya ce sabo turken wawa. Tun da zobe-zobe aka ƙulla sarƙar, zobe-zobe ake kwance ta. Kowane sabo yana da lokacinsa da wurinsa da abokinsa da kuɗinsa. Mai cacar ƙwallo a waya ya goge manhajar, ya ba matarsa ko wansa katin banki daga ranar albashi har kwana 3. Mai burkutu ya canza hanyar dawowa daga gona ran kasuwa. A kuma cike gurbin, don Luka 11:24-26 ta nuna abin da ke samun gidan da aka share aka bar shi fayau: in ƙarfe 5 na yamma ne lokacin sha, a sa wani aiki tare da mutane a daidai ƙarfe 5 ɗin. Wanda ya faɗi ya gaya wa mai riƙe da shi kafin kwana ɗaya ya cika, domin ɓoyewar ta fi faɗuwar illa.

A nan dole mu yi kashedi da babbar murya. Wanda ya shekara yana shan giya mai yawa kullum, in ya daina farat ɗaya, jikinsa na iya kama rawa da gumi cikin yini guda, ya yi jijjiga a kwana biyun farko, ya rikice a kwana na 2 ko na 3, har ta kai ga mutuwa. Ba aljani ne ke fita ba, jiki ne ke neman abin da ya saba. Kada a kulle irin wannan a majami'a, kada a ɗaure shi, kada a sa shi azumi. Shi da mai shan tramadol likita ne zai sauke su a hankali, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna da kuma Maiduguri. Haka wanda ya yi mako 2 ko fiye ba ya barci, ba ya cin abinci, ba ya jin daɗin kome, yana zancen gara ya mutu: a raka shi asibiti a ci gaba da addu'a. Da annabi Iliya ya roƙi mutuwa a jeji, abin da mala'ika ya fara kawo masa abinci ne da ruwa, ya bar shi ya yi barci.

Akwai turun da mu shugabanni muke sassaƙawa da hannunmu. Dokokin kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana, Bulus ya ce a Kolosiyawa 2 suna da kamar hikima amma ba sa hana son zuciya kome. Fasto da ya sa ba ka aure ko tafiya ko sayen fili sai da izininsa, ya kuma ce la'ana za ta bi duk wanda ya bar majami'arsa, ya saɓa wa 1 Bitrus 5:3.

Bayan wata 3 ana wannan aiki, kada a auna da yawan hawaye ko faɗuwa ƙasa a wurin taro. A tambaya: yana iya jin sunan wancan mutum ya ci gaba da cin tuwonsa? Yana iya cewa a'a ba tare da ya kwana yana fargaba ba? Ya biya kashi nawa na bashin? Wani abin kuma ba zai tafi ba. Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherin ya isa, ya ci gaba da aiki da ita.

Roƙonmu ga majalisun dattawa, na ECWA ne ko COCIN ko EYN ko HEKAN ko Katolika ko sauransu, shi ne kowace ikilisiya ta ware awa 2 a mako, rana sananniya, da dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya da za su zauna su saurari mutane ɗaya bayan ɗaya, a wurin da ake hango su amma ba a jin maganarsu, ba kuma tare da kwanon baiko a kan tebur ba. A ba su lambar asibiti mafi kusa su riƙe a aljihu.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wasu malaman Littafi Mai Tsarki, daga Jos